Kofi Uku a Lungden

Litinin, 15 ga Oktoba. Katmandu.

Yau na je ofishin Rinji, mai kamfanin kai baƙi yawon tsaunuka. Kusan awa guda ina zaune a benci kafin a ce in shiga. Ni Finjo. Rinjin da ya fara aiki a ƙarƙashina yana wanke tukwane, ko ɗaurin kaya ni na koya masa, yanzu ya ajiye tumbi da kujera mai juyawa da wata mai ce wa mutane a ɗan jira.

Ya miƙe ya gaishe ni da hannu biyu, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Aka kawo shayi. Na ce masa gwiwar da aka yi wa aiki ta warke sarai, shekara uku ke nan ina zaune a gidan 'yata ina kallon babura ta taga, ina so a mayar mini da ayarina na bazara. Ya yi ta juya kofi a hannu. Wai shekaruna hamsin da tara, wai baƙin yanzu akwai su da tambaya, wai kaza wai kaza. Da ƙyar ya fito da abin da ke bakinsa. Akwai ayari jibi, baƙi shida, za su ƙetare mashigar tsaunin Renjo su sauka Gokyo. In bi su. In na ƙetare lafiya, kuma mai jan tafiyar ta shaida cewa ƙafata da numfashina daidai suke, ayarin bazara nawa ne.

Na ce, ta shaida? Wace ce ita?

Yangdu. 'Yar ƙanwata Jangmu. Yarinyar da na goya a kwando daga garinmu Tame har Namce lokacin da ƙyanda ta kama ta. Ita ce za ta duba ni kamar yak, bijimin tsauni mai dako, a kasuwa, ta ce na yi ko ban yi ba.

Shekara talatin da ɗaya ina madugu. Renjo kuwa na daina ƙirga ƙetarenta tun Yangdu ba ta yi haƙori ba. Amma na ce to. Me zan ce? In na ƙi, sai taga da babura har ranar da za a fitar da ni.

Talata, 16 ga Oktoba.

Takalmina na dā ya bushe ya ƙanƙance. Na shafe shi da mai. 'Yata ta sayo sabo, yana can a kwalinsa.

Laraba, 17 ga Oktoba. Fakdin.

Jirgi ya sauke mu Lukla da hantsi. Da na shaƙi iskar, sai da idona ya kawo ruwa. Sanyi ne.

Yangdu ta zo ta rusuna ta gaishe ni a gaban 'yan dako, ta karɓi jakata da kanta. Tarbiyya dai Jangmu ta ba ta. Sai kuma ta buɗe baki ta ce, Kawu, kai za ka riƙe mana baya. Baya! Wurin da ake ajiye sabon shiga, ya riƙa tsince safar hannun da baƙi suka yar. Abokiyar tafiyata wata tsohuwa ce 'yar shekara sittin da takwas, sunanta ya fi ƙarfin harshena, na sa mata Iya Mai Sanduna. Tafiya take kamar tana ƙirga duwatsun hanya, amma ba ta tsayawa. Yini guda ina kallon ƙeyarta.

Bayan an ci abinci Yangdu ta fito da wani ɗan abu da ake maƙala wa yatsa, wai yana faɗin yawan iskar da ke cikin jini. Baƙi suka miƙa, 'yan dako suka miƙa, tana rubutawa. Ta iso kaina, na zura hannu a aljihu.

"Kawu, kowa ake yi wa."

"To ni ba kowa ba ne."

Birka, babban 'yan dakon, ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. Mutumin ƙasa-ƙasa ne, ɗan ƙabilar Rai, daga inda ake noman lemo. Na ce masa ya yi dariyarsa yanzu, in mun wuce Tame zan ga wanda zai riƙe kai yana kiran uwarsa. Yangdu ta wuce abinta.

Alhamis, 18 ga Oktoba. Namce.

Hawan Namce ya ƙara tsawo. Na san abin da nake faɗa, sun canza hanyar daga gada, sun ƙara matakala. Sau huɗu na tsaya, kuma ɗaya daga ciki igiyar takalmi ce ta kwance da gaske. Ƙurar Katmandu ce ta cika mini ƙirji, da girkin 'yata, komai mai, komai mai.

Garin ma ban gane shi ba. Inda muke ɗaure yak yanzu ana sayar da burodi mai zaƙi, an sa kujeru a waje.

Yangdu ta ce gobe hutu, kowa ya kwana biyu a nan jiki ya saba da tudu. Kowa, in ji ta, tana kallon bango kusa da kaina. Hutun Namce na baƙi ne da mutanen ƙasa-ƙasa, kowa ya san wannan. Ni a bukkar makiyaya aka haife ni, can sama da Tame, uwata ta tashi washegari ta tatsi nono. Ciwon tsauni bai san ƙofar gidanmu ba. Tame tafiyar awa uku ce daga nan, ga ƙanwata can shekara uku ban sa ta a ido ba, sai in zauna a Namce ina kallon masu cin burodi?

Juma'a, 19 ga Oktoba. Tame.

Na taho. Da safe Yangdu ta tare ni a ƙofar masauki, ta ga tukunyar gas ɗin da na saya wa uwarta na riga na ɗaura mata igiyar goshi ta ɗaukar kaya. Ta ce in bari 'yan dako su kawo gobe. Na ce ba ta nemi shawarata ba da ta ajiye ni a baya, ni ma ban nemi tata ba. Ta sassauta murya ta ce, Kawu, shekara uku jininka yana shan iskar Katmandu, jini ba ya tuna inda aka haifi mutum. A makarantar 'yan jagora aka koya musu wannan, wani mai allo da alli. Na ce ta gaishe shi.

Awa huɗu da rabi na yi. Gas ɗin ya fi na dā nauyi.

Jangmu ta tsufa. Ta riƙe hannuna ta yi ta kuka, sannan ta ce na yi ƙiba kamar ɗan kasuwa. Kafin in huta labari ya zaga, gida bakwai na shiga kafin rana ta faɗi, ko'ina cang, giyarmu ta gida, ko'ina sai an cika kofi sau uku. Ya za a yi in ƙi? Wanda ya dawo bayan shekara uku ya rufe kofi da hannu, gobe a ce birni ya sa ya raina mutane. Kowa yana tambaya ko na dawo aiki ke nan. Na ce na dawo, ayarin bazara ma nawa ne. Na faɗa a gida bakwai ɗin nan duka.

Asabar, 20 ga Oktoba.

Kai yana sara. Cang ɗin gidan maƙwabcinmu Nuru ce, tun dā ba su iya ba.

Ayari ya iso da la'asar. Iya Mai Sanduna ta ɗaga mini sanda daga nesa kamar ta ga ɗan'uwanta.

Lahadi, 21 ga Oktoba.

An sake wani hutun, aka hau da baƙi gidan ibada na saman gari. Hawan da nake yi da gudu ina yaro in kai wa lama, malamin ibadarmu, man shanu. Yau a tsakiyar hanya Iya ta wuce ni. Ta wuce ni! Ta juyo ta miƙo mini alewa. Na ce mata ina duba wani gini ne da girgizar ƙasa ta tsaga, kuma akwai ginin, kowa yana iya zuwa ya gani.

Tari ya fara, busasshe. Jangmu ta ji, na ce hayaƙin murhunta ne, ta gyara bututun. Ta dube ni irin kallon da uwarmu take yi. Daga baya na ji su a madafa ita da 'yarta suna ƙus-ƙus, ina shiga suka koma maganar dankali.

Da yamma Yangdu ta same ni ni kaɗai a bayan gida. Ta ce tana roƙona in ƙara kwana biyu a Tame, in ya so a sake shirya wata tafiyar. Wace tafiyar? Rinji sau ɗaya ya buɗe ƙofa, ita ma ta sani. Raina ya ɓaci, na faɗa mata maganganu. Na tambaye ta wa ya fara sa mata takalmin ƙanƙara. Na tambaye ta wa zai zauna a kujerar sama ranar aurenta, ni ko takardar makarantarta. Na ce tunda aka kafa Tame ba a taɓa jin 'ya ta ba kawunta umarni ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, haka ne, Kawu.

To. Aƙalla ta san iyakarta.

Litinin, 22 ga Oktoba. Lungden.

Ni na iso ƙarshe. Aikina ke nan ai, riƙe baya.

Gaskiya dai, tunda ba mai karanta wannan sai ni: daga ƙauyen Marulung zuwa nan ban san yadda na zo ba. Taku ashirin, in tsaya. Taku goma sha biyar. Na yi ta nuna wa Iya tsuntsaye don mu tsaya, har ta gaji ta tafi ta bar ni. Birka ya ajiye kayansa a masauki ya dawo wai ya yar da hula a hanya. Hular tana kansa. Ya miƙa hannu zai karɓi jakata, na ce in ya taɓa ta sai na karya masa yatsa.

Urken ne har yanzu da masaukin. Tare muka fara dako muna samari. Yana ganina ya ce, wa nake gani, Katmandu ta tauna ta tofar? Na ce ai gara ni an tauna, shi ko kare bai sansana ba. Muka rungume juna. Sai ya ja baya ya ƙura wa bakina ido, dariyar ta ɗauke. Ya ce leɓena ya yi shuɗi. Na ce sanyi ne, ya kawo shayi ya bar aikin likita.

Abinci ya ƙi shiga. In na ja numfashi ina jin wani abu a ƙasan ƙirji kamar tukunya ta fara tafasa. In na kwanta ya fi, don haka a zaune nake rubutu.

Gobe hutu, jibi Renjo. Yini ɗaya ne kawai. In na taka saman nan na sauka Gokyo, shi ke nan, ko a kan gado ne na warke daga baya. Na ƙetare ta da zazzaɓi, na ƙetare ta da karyayyen yatsa. Gajimare yana taruwa ta yamma, irin wanda ban so. Yarinyar nan ba ta taɓa ganin Renjo da sabuwar ƙanƙara ba. Za ta neme ni.

Talata, 23 ga Oktoba.

An ci amanata. Da gorar ubana.

Alhamis, 25 ga Oktoba. Tame.

Sai yau hannuna ya iya riƙe alƙalami. Zan rubuta yadda aka yi tun ban huce ba, don kada nan gaba wani ya ce ba haka aka yi ba.

Ranar Talata da safe na fito ɗakin cin abinci da ƙyar, na tarar kowa yana nan. Baƙi, 'yan dako, Urken da matarsa. Urken ya kama hannuna ya kai ni kujerar sama ta jikin taga, wadda ake ba lama in ya zo. Ban kawo komai a raina ba. Sai ga Yangdu ta fito daga madafa, ta cire rigar aikinta ta sa doguwar riga ta gida, farin ƙyalle a kan hannuwanta, tana riƙe da gorar katako mai zoben tagulla. Na gane ta nan take, gorar mahaifinmu ce, wadda ke kan kantar Jangmu. An ɗiga man shanu a bakinta yadda ake yi in za a yi roƙo.

Kowane ɗan Tame ya san wannan. In aka zo maka da gora mai man shanu a baki, ka duba fuskar mai ita tukuna, ka yi tunani, don in ka sha to ka amsa, ko me aka roƙa. Na ga mutanen da suka rufe kofi da hannu suka juya kai har mai gorar ya gaji ya tafi. Na san duk wannan tun ban fara aske gemu ba.

Amma me na gani? Na ga gajimare ta taga, na ga yarinya ta sa kayan gida ta zo gaban kawunta a gaban jama'a. Na ce a raina, yauwa, hankali ya dawo. Za ta ba ni haƙuri, ta roƙe ni in shiga gaba gobe in fasa musu hanya. Har na gyara zama. Har na shirya abin da zan ce, cewa komai ya wuce, yaro ai yaro ne.

Ta zuba. Shayi ne mai zafi, ba cang ba. Nan ya kamata in farga. Na sha, ta cika. Na sha, ta cika. Na shanye na uku har ina kallon Birka ta saman kofi.

Ta rataya mini ƙyallen a wuya, ta durƙusa.

"Kawu, na zo roƙo. Ka sauka Tame yau. Yanzu."

Na buɗe baki tari ya riga ni, sai da na gama. Sannan na ce wannan ba roƙo ba ne, shayi ne, ba a taɓa ɗaure mutum da shayi ba.

Urken ya ce, "Man shanu yana bakin gora ko ba ya nan? Ka sha ko ba ka sha ba? Sau uku, a gabana. Finjo, kai ka zo mini da gora irin wannan kana neman yak huɗu ana tsakiyar kwasar dankali. Na sha, na ba ka, ban ce maka cang ɗin ta yi tsami ba. Kuma ta yi."

Wani cikin 'yan dako ya yi dariya ya haɗiye ta. Na dubi Yangdu na ce ko ta san abin da ta yi mini. Na ce Rinji ba zai sake buɗe ƙofa ba, na ce gida bakwai na shiga a Tame. Ta ce, na sani, Kawu, ka yi fushi da ni, amma a Tame. Sai ta ciro ɗan abin nan na yatsa, ta kama hannuna. Ban hana ta ba, ban san dalili ba, ƙarfin jan hannun ne babu. Ta kare shi da tafinta yadda ba wanda zai gani sai ni da ita. Sittin da ɗaya. Na Iya Mai Sanduna a safiyar nan tamanin da biyar ne, da kunnena na ji ana faɗa.

Da na ƙi tashi, me zai faru? Ba mai ɗaga ni. Amma kafin in kai Namce labari ya riga ni, cewa Finjo ya sha gorar roƙo ya tofar, gorar ubansa ma. Ba wanda zai ƙara karɓar kofi daga hannuna, ko a biki ko a makoki. Ta san haka, uwarta ta san haka, Urken ya san haka. Su uku suka zauna suka ƙulla, kamar masu kama yak mai tunkuyi.

Na tashi. Iya ta zo ta riƙe hannuna da nata biyu ta yi wata doguwar magana. Ban saurara ba.

Aka haɗa ni da Birka. An ce an aika a kawo doki daga Tame, na ce wanda ya aika shi zai hau. Na yi tafiya da ƙafata har kusa da Marulung, wannan a rubuta. Daga nan na zauna a kan dutse na yi tari, abin da ya fito kumfa ne mai ja-ja. Na sa takalmi na murje. Birka ya gani. Ya kwance igiyar goshinsa, ya naɗe bargo, ya juya mini baya ya tsuguna.

Ɗan Rai ya goye ni. Mutumin da na ce zai kira uwarsa. Fiye da awa guda ina bayansa kamar buhun shinkafa, ina jin numfashinsa lafiya lau, har muka haɗu da dokin. Abu ɗaya ya faɗa a duk tafiyar, wai daga nauyina ya gane 'yata ta iya girki.

A ɗakin shan magani na gari ma'aikaciyar ta sa mini abin shaƙar iska, ta ce ruwa ne ya taru a huhu. Wai da na ƙara yini ɗaya a sama, da lama za a kira ba ita ba. Su dama haka suke, sai sun zuzuta. Birka ya sha shayi ya juya Lungden a ranar, don kayansa suna jiransa.

Juma'a, 26 ga Oktoba.

Tun shekaranjiya ƙanƙara take zuba a sama. Ban faɗa ba? Suna Lungden har yanzu, ba su ƙetare ba.

Na dawo gidan Jangmu. Wurin gorar a kanta fayau, sai zoben ƙura. Na ce, ke kika ba ta. Ta ce, ni ce, har wanke ta na yi. Na ce ta haɗa kai da 'yarta sun tozarta yayanta a gaban baƙi da 'yan dako. Tana yankan dankali, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce dutse ya cinye mata miji bai dawo mata da ko takalminsa ba, 'yarta kuma tana can sama a cikin wannan farin abin, saboda haka in ina da sauran faɗa in yi a hankali, kanta yana ciwo.

Na bar maganar. Ba don ta fi ni gaskiya ba.

Maƙwabta suna ta zuwa dubiya. Ba wanda ya ambaci ayarin bazara, ko mutum ɗaya, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Matar Nuru ta kawo ƙwai.

Wani mai yak ya sauko da rana ya ce ƙanƙara ta kai ƙauri a Lungden, amma sama ta fara washewa, Yangdu ta ce gobe da asuba za su tashi. Gobe! Ya kamata ta bar rana ta daddanne ta yini guda. In kuma dole ne, to ta sa masu nauyi a gaba, kada ta bi matakalar dama daga tafki, can iska take tara ƙanƙara, kuma ta sauka ɗaya gefen kafin rana ta yi tsaka. Duk na sani. Akwai waya a wurin Urken, in an hau kan tudun bayan gida tana kamawa. Yini guda wayar Jangmu tana kusa da ni. Ba ta kira ba. Ko ta ce Kawu ya kake gani. Ta kira uwarta jiya ta tambayi ko ina cin abinci, shi ke nan abin da ake tambaya game da ni yanzu.

Wani abu kuma yana damuna. In ta sauka, Rinji zai tambaye ta. In ta faɗi gaskiya, ita ce 'yar da ta kashe wa kawunta aiki da bakinta, kuma Tame ba ta mantuwa, har jikokinta sai an gaya musu. In ta rufa mini asiri, ya ba ni mutum shida a bazara, ni da na murje abin nan da takalmi...

Ita ta jawo wa kanta. Wa ya aike ta?

Asabar, 27 ga Oktoba.

Gari ya waye tas, ba ko ɗigon gajimare. Na fito na tarar da Jangmu a tsakar gida gaban murhun turare, tana fama da ashana. In naka yana kan dutse, kowace safiya sai ka ƙona masa ganyen shukpa har ya dawo. Aikin masu zaman gida ne, mata da tsofaffi, ni ban taɓa yi ba, ni ake yi wa. Ganyen ya jiƙe, ta ƙarar da rabin kwali. Haushi ya kama ni, na ce ta matsa. Na kawo garwashi daga madafa na hura. Hurawar ta sa ni tari, amma ya kama, hayaƙin ya miƙe sama sak. Na tsaya a wurin har ya cinye, don kada iska ta watsa wuta.

Da hantsi na kira Rinji. Na ce kada ya tambayi yarinyar komai, ni zan gaya masa. Ban ƙetare ba, ciwon tsauni ya kama ni a Lungden, goyo aka yi da ni. Ya ba wani ayarin. Ya fara wasu maganganu masu daɗi, wai ofis yana buƙatar mai ba da shawara, na ce waya ba ta ji sosai, na kashe.

Yangdu ta kira da la'asar daga Gokyo. Duka sun sauka, har Iya. Ta dama ta bi ko ta hagu, ban tambaya ba. Jangmu ta gama kukanta ta miƙo mini wayar.

"Kawu, har yanzu kana fushi?"

"Ina yi."

"To. Zan kira Rinji anjima, na rasa me…"

"Na riga ki. Ki kula da baƙinki."

Na ji tana jan hanci. Na ce ta gaya wa Birka akwai sabon takalmi a kwali a Katmandu, in ya yi masa. Na ce kuma ta dawo da gorar mutane.

Sauran kwana biyar kafin ta sauka Lukla, shukpan gidan nan kuwa ba zai kai Litinin ba. Gobe in ƙafa ta yarda zan taka bayan gari a hankali in tsinto. Jangmu ba ta iya zaɓen busasshe ba.